Ciwon dajin baki: abin da ƙarancin oksijin da garkuwar jiki ke nuna wa likita

Daga mahaɗar Tina Junction a birnin Jos zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ba tafiya ce mai nisa ba. Duk da haka, mai gyambo a harshe ko a dasashi yakan shafe watanni yana sayen magani a kemis kafin ya isa gaban likita. Idan gwaji ya tabbatar ciwon daji ne, tambayar da 'yan uwa ke fara yi ita ce ko zai warke.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa kimanin mutum 389,000 ne suka kamu da ciwon dajin leɓe da na cikin baki, kuma kimanin 188,000 suka rasu sanadiyyarsa. Likita yakan yi hasashen makomar majinyaci ne bisa girman ƙarin, da ko ya kai ga kaluluwar wuya, da ko ya bazu zuwa wasu sassan jiki. Sai dai ana samun majinyata biyu masu mataki ɗaya, a yi musu magani iri ɗaya, ɗaya ya samu sauƙi, ɗayan kuma ciwon ya dawo masa. Wannan bambanci ne ya sa masana suka koma binciken abin da ke gudana a cikin ƙarin kansa.

Abu na farko shi ne ƙarancin iskar oksijin. Ƙarin yana girma da sauri fiye da jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, don haka tsakiyarsa takan rasa isasshiyar iskar. Wannan ƙaranci a cikin tsokar yake, ba shi da alaƙa da iskar da mutum ke shaƙa a tsaunukan Filato. A irin wannan hali ƙwayoyin ciwon kan tara wani furotin mai suna HIF-1 alfa, wanda ke sa a tsiro da sababbin jijiyoyin jini, ya kuma sauya yadda ƙwayoyin ke sarrafa sukari. Gregg Semenza na Amurka ne ya gano HIF-1 a farkon shekarun 1990, kuma a 2019 shi da William Kaelin da Peter Ratcliffe suka samu kyautar Nobel kan wannan fage. Ƙwayoyin da ba su da oksijin sukan jure gashin da ake yi wa ciwon daji, har sukan buƙaci kusan ninki uku na ƙarfinsa kafin su mutu. Bincike da dama sun danganta yawan HIF-1 alfa a ciwon dajin baki da saurin bazuwa da gajartar rayuwa.

Abu na biyu shi ne sojojin garkuwar jiki da ke kutsawa cikin ƙarin. Idan aka tarar da fararen ƙwayoyin jini masu alamar CD8 da yawa, galibi alamar alheri ce, domin aikinsu kashe ƙwayoyin ciwon. Amma akwai wasu da ake kira makrofaj, musamman masu alamar CD163, waɗanda ciwon kan juya su koma taya shi girma. Yawansu yakan zo tare da mummunan sakamako. Abubuwan biyu suna haɗe, domin wurin da oksijin ya yi ƙaranci yana jawo irin waɗannan makrofaj, yana kuma raunana masu yaƙar ciwon.

Ana auna waɗannan alamomi a ɗan yankin tsokar da aka ciro domin gwaji, bayan an rina shi da sinadarai na musamman an duba a madubin likita. Fatan masana shi ne su taimaka wajen tantance wanda ke buƙatar ƙarin magani bayan tiyata, da wanda ya kamata a riƙa bibiyarsa a kai a kai. Har yanzu dai suna matakin bincike, ba su maye gurbin auna matakin ciwon ba, kuma sinadaran gwajin suna da tsada.

Saboda haka, abin da ya fi tasiri ga rayuwar majinyaci shi ne lokacin da ya zo asibiti. Taba sigari, da tabar gari da ake cusawa a baki, da barasa, su ne kan gaba wajen haddasa ciwon. Likitocin haƙori na shawartar duk mai gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ya ƙi gushewa, ko kumburi a wuya, da ya je a duba shi, ko da ba ya jin zafi.