Biki Ɗaya, Harsuna Barkatai: Yadda Sabuwar Shekarar Sinawa Ke Sauya Murya

A daren jajibirin sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, iyali a birnin Harbin da ke arewa maso gabas kan kewaye tebur suna naɗa jiaozi, ƙullin fulawa mai nama da kabeji a ciki. A daren nan kuma mutanen Guangzhou, can kudu, na cincirindo a kasuwar furanni suna cinikin ƙananan bishiyoyin lemo na cikin tukwane. A lardin Fujian da tsibirin Taiwan kuwa, abarba ake ɗorawa a wurin ibadar gida. Bikin ɗaya ne, jan rubutun da ke manne a ƙofofinsu ma ɗaya ne. Amma da za a tara kakannin gidajen nan uku a ɗaki guda, kowa ya yi yaren garinsu, sai an nemo tafinta.

Bikin bazara, kamar yadda Sinawa ke kiransa, yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Kalandarsu tana bin wata, sai dai tana ƙara wata guda sau 7 a cikin shekara 19, shi ya sa bikin ba ya zagaya damina da rani kamar watannin Hijira. Sunansa ya kai ko'ina: a Disambar 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ranakun hutun da ma'aikatanta za su iya zaɓa, a Disambar 2024 kuma hukumar UNESCO ta shigar da shi jerin al'adun gado na bil'adama. Fataken Kantin Kwari da ke saro kaya a Guangzhou da Yiwu ma sun san lokacinsa, domin masana'antu kan rufe na makonni, wanda bai yi oda da wuri ba sai ya jira. Sai dai yayin da bikin ke bunƙasa a waje, a cikin gida bambance-bambancen da suka ƙawata shi na ta raguwa, kuma harshe ne tushen lamarin.

Dalili shi ne yawancin al'adun bikin a kan amon kalmomi aka gina su. Sinawa na ɗaukar abin da sunansa ya yi kama da kalmar alheri a matsayin fata nagari. Ana cin kifi saboda sunansa, yu, ya yi daidai da kalmar rara. A harshen Hokkien na kudancin Fujian, sunan abarba, ong lai, ya yi kama da faɗin arziki na tafe. A harshen Kanton na Guangzhou, ƙaramin lemon nan gam gat ya haɗa amon zinariya da na sa'a. Imanin na da ƙarfin da har ƙasa ta ji a jikinta: wani tsiro mai kama da gashi da ake kira fat choi, wanda sunansa ya yi kama da samun dukiya, an yi ta kankare shi daga filayen Mongoliya ta Gida da Ningxia domin teburan kudu, har zaizayar ƙasa ta sa gwamnati ta haramta tsinkarsa da sayar da shi a 2000.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sauya wannan tsari. Na farko makaranta. A 1956 gwamnati ta ba da umarnin yaɗa Putonghua, daidaitaccen Sinanci da aka ɗora a kan lafazin Beijing. Tsarin mulkin 1982 ya jaddada shi, dokar harshe da ta fara aiki a 2001 ta mai da shi harshen aji, ofis da gidajen rediyo da talabijin. Alƙaluman hukuma sun nuna masu iya shi sun tashi daga kimanin kashi 53 cikin 100 a 2000 zuwa sama da kashi 80 a 2020.

Na biyu ƙaura. A 1978 kusan kashi 18 cikin 100 na Sinawa ne ke zaune a birane. Yau sun kai wajen kashi biyu cikin uku. 'Yan ci-rani daga karkara sun kusa miliyan 300. Shenzhen na cikin lardin Guangdong, mahaifar harshen Kanton, amma tun da aka mai da shi yankin tattalin arziki na musamman a 1980 baƙi suka cika shi, Putonghua ya zama harshen titi. Saurayi daga Sichuan ya auri budurwa daga Fujian, harshen da suka haɗu a kansa shi 'ya'yansu za su tashi da shi. Idan lokacin komawa gida ya zo, wato kwana 40 na zirga-zirgar da a 2025 hukumomi suka ƙidaya tafiye-tafiye sama da biliyan 9 a cikinta, har da na masu motocin kansu, jikoki da yawa kan isa ƙauye suna jin gaisuwar kaka sama-sama, ba su iya mayar mata da harshenta ba.

Na uku talabijin. Tun 1983 gidan CCTV ke gabatar da shagalin daren jajibiri da ƙarfe 8, wanda ɗaruruwan miliyoyi ke kallo. Barkwancinsa ya daɗe yana karkata arewa. Zhao Benshan, ɗan wasan barkwanci daga Liaoning, ya mamaye dandalin daga 1990 zuwa 2011 da lafazin arewa maso gabas, kuma an saba rufe wasanni da kiran a zo a ci jiaozi. Mutanen kudu, masu cin niangao, wainar shinkafa mai danƙo, sun daɗe suna ƙorafin cewa ana nuna al'adar masu noman alkama tamkar ita ce ta ƙasa baki ɗaya, kuma shirin bai taɓa samun karɓuwa a Guangdong kamar yadda ya samu a arewa ba. A 2016 masu shirin suka buɗe ƙananan dandali a Guangzhou, Quanzhou, Xi'an da Hulunbuir domin kowane sashe ya ga kansa.

Ribar wannan sauyi a fili take, kuma duk mai adalci zai faɗe ta. Yarinyar da ta tashi a ƙauyen Guizhou tana iya neman aiki a Shanghai, ta yi wa likita bayanin ciwonta, ta rubuta jarrabawar shiga jami'a ba tare da harshe ya tare mata hanya ba. Ƙasa mai mutum biliyan 1.4 ta samu harshen ciniki guda. Cuɗanyar kuma ba daga arewa kaɗai take gangarowa ba. Al'adar ba da kuɗi a jan ambulan, wadda ta yi kama da goron sallah, tana da salo na musamman a Guangdong, inda ake kiranta lai see: kuɗi kaɗan ne, masu aure ke ba marasa aure, shugaba ya ba ma'aikatansa ranar komawa aiki. Kamfanin Tencent da ke Shenzhen ya ɗauki wannan salo ya sa a manhajar WeChat a 2014, shekara guda bayan nan aka haɗa shi da shagalin CCTV, sai ga al'adar ofisoshin kudu a wayar kowa.

Asarar kuwa a hankali take zuwa. A Putonghua sunan abarba boluo ne ko fengli, ba shi da alaƙa da arziki. Yaron da bai iya Hokkien ba zai ga abarba a wurin ibada, zai ma saye ta idan ya girma, amma sai an yi masa bayanin dalili, alhali kakarsa a kunnenta take jin ma'anar. Haka waƙoƙin yara, kirarin masu rawar zaki da addu'o'in da ake yi wa kakanni: da harshen gari aka tsara su, idan an juya su amon ya watse.

Singafo ta riga kowa ganin ƙarshen wannan hanya. A 1979 firaministanta Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da gangamin magana da Mandarin, wato Putonghua, aka janye Hokkien, Teochew da Kanton daga rediyo da talabijin. Ƙidayar 2020 ta nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na mazauna ƙasar ne suka fi yin waɗannan harsuna a gida. Duk da haka, idan aka taru ana ɗaga haɗin ɗanyen kifi da kayan lambu sama da tsinken cin abinci, sunan abin lo hei ne da harshen Kanton, ihun da ake yi kuma huat ah ne da Hokkien. Kalmomin biki sun rayu bayan hirar yau da kullum ta ƙaura zuwa Ingilishi da Mandarin.

A Sin kanta an fara farga. A Yulin 2010 mutane sun fito zanga-zanga a Guangzhou kan shawarar rage Kanton a talabijin ɗin birnin. A 2015 ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar da aikin adana harsuna, aka naɗi muryoyin tsofaffi a wurare sama da 1,700. A ƙarshen 2023 shirin talabijin na darakta Wong Kar-wai, Blossoms Shanghai, ya fito da sigar harshen Shanghai, matasa suka yi ta kwaikwayonsa.

Waɗannan matakai na da amfani, amma faifai da fim ba sa renon yaro. Kanton, da masu magana da shi kimanin miliyan 80, ga fina-finai da waƙoƙin Hong Kong a bayansa, zai jure. Waɗanda ke cikin haɗari su ne ƙananan karuruwan harshe na gundumomin Fujian, Zhejiang da Jiangxi, inda matasa suka tafi birni, makarantar renon yara ke koyarwa da Putonghua, kuma 'yan kwanakin hutun bikin bazara ne kaɗai lokacin da jika da kaka ke kwana a gida ɗaya.