Ɓuntun Shinkafa da Ɓawon Gyaɗa a Ɗakin Binciken Injiniyoyi

A bayan injinan casar shinkafa na Kura da Birnin Kebbi, ɓuntu yakan taru tsibi-tsibi har a rasa yadda za a yi da shi, a ƙarshe a cinna masa wuta. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Wannan sharar ce injiniyoyi a Indiya, Malesiya, Brazil da Najeriya suke niƙawa, su tankaɗe, su kwaɓa da gam ɗin efoksi domin samar da kayan da ba sa saurin cinyewa.

Efoksi ba baƙo ba ne a garejin bakanike. Shi ne Araldite, gam mai kashi biyu da ake haɗawa ya daskare kamar dutse, wanda kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi a 1946. Yana da riƙo, ba ya tsatsa, amma yana da gautsi. Idan ƙarfe ya daɗe yana gugarsa, sai ya yi ƙananan tsagu, ya riƙa marmashewa. Maganin da ake nema shi ne irin dabarar magina, da suke zuba ramno a kwaɓin ƙasa don kada katanga ta tsattsage.

Kowace shuka da irin gudummawarta. Ɓuntu yana ɗauke da silika, sinadarin da ke sa yashi tauri, kuma idan aka ƙona shi, fiye da kashi 80 cikin 100 na tokarsa silika ce. Ƙoƙon kwakwa da ɓawon ƙwarar manja suna da tauri na kansu. Ita kuwa rama, wadda ake tufka igiya da ita, zarenta ne yake ɗaure gam ɗin ya hana tsaga yin nisa. Ana gwada ɓawon gyaɗa da tuƙar rake ma.

Gwajin ba shi da sarƙaƙiya. Ana yanko ɗan guntu kamar alli, a auna nauyinsa, a danna shi a kan faifan ƙarfe mai juyawa da sanannen nauyi da gudu, sannan a sake aunawa. Bambancin nauyin shi ne abin da guga ta ci. Sakamakon da yake yawan maimaituwa shi ne, ƙara garin shuka yana rage zaizayewa, amma zuwa wani mataki kawai. Da zarar garin ya yi yawa, gam ba ya isa ya lulluɓe kowace ƙwaya. Sai su dunƙule, su ɓalle, su koma su ne suke kankare jikin abin. Gari mai laushi yakan fi mai tsakuwa-tsakuwa zama daram.

Akwai kuma matsalar jituwa. Zaren shuka yana shan ruwa, efoksi kuwa ba ya so, don haka ba sa kama juna sosai. Shi ya sa ake jiƙa zaren a ruwan soda mai kaifi, sau da yawa kimanin kashi 5 cikin 100, don ya wanke maiƙon da ke bayansa ya bar shi da kaushi, a wanke, a busar sarai kafin a kwaɓa.

Babban abin da ke ingiza wannan bincike shi ne takalmin birki. An daɗe ana yin sa da asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa ciwon daji na huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Benin sun gwada maye gurbinsa da tuƙar rake da ɓawon ƙwarar manja. Cikas ɗin shi ne zafi: zaren shuka yana fara lalacewa a wajen digiri 200, birkin babbar mota mai gangarowa da kaya kuwa yakan wuce haka nesa.

Saboda haka inda waɗannan kayan suka fi dacewa a yanzu shi ne wuraren da guga take da yawa amma zafi kaɗan: daɓen masana'antu, bushin na ƙananan injina, da rufin da ake shafa wa kayan aikin gona don kada yashi ya cinye su da wuri.