Haɗa Kwamfuta da Ƙaramin Jari: Ina Ya Kamata Kuɗin Su Tafi?

Kafanchan: Tun daga shekarar 2015 da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, harkar shagunan buga takardu da cibiyoyin koyar da kwamfuta ta bunƙasa a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna. Ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su ne manyan abokan cinikin waɗannan shaguna, ga kuma 'yan kasuwar citta na Kachia da Kwoi masu bukatar adana lissafinsu.

Sai dai faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta tsadantar da sabuwar kwamfuta, abin da ya sa masu ƙaramin jari suka karkata ga sayen kayan ɗaya-ɗaya, sababbi ko tokumbo, daga Kaduna ko kasuwar Computer Village ta Ikeja, domin a haɗa musu. A nan ne tambaya kan taso: shin madabod, wato babban allon da ake dasa dukkan kayan a kansa, yana ƙara wa kwamfuta sauri?

Amsar ita ce, allon ba ya yin lissafi da kansa. Furosesa ce ke yin aikin, RAM ke riƙe abin da ake aiki a kai, ma'ajiya kuma ke adana bayanai. Idan aka dasa furosesa iri ɗaya a kan allo mai araha da kuma mai tsada, bambancin saurinsu wajen buga takardu ko shiga intanet bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk wanda ya rage kuɗin furosesa domin ya sayi allo mai fitilu da ado, ya yi asarar jarinsa. Sauya tsohon faifai mai juyawa da ma'ajiyar SSD ya fi kawo saurin da mai shago zai gani da idonsa.

Amma wannan ba ya nufin kowane allo ya wadatar. Allon ne ke yanke iyakar abin da kwamfutar za ta iya zama nan gaba, kuma ta hanyoyi uku yake yin haka.

Na farko shi ne sashen da ke daidaita wutar da furosesa ke sha. A allo mai rauni wannan sashe kan yi zafi idan aka ɗora masa babbar furosesa, sai na'urar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Zafin watannin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka suna ƙara tsananta matsalar.

Na biyu shi ne yawan ramuka. Allon da ke da ramin RAM biyu kacal kan cike da wuri, kuma wanda ba shi da gurbin M.2 ba zai karɓi SSD mafi sauri kai tsaye ba. Har ila yau, sanya sandunan RAM biyu a maimakon ɗaya yana taimaka wa kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban.

Na uku, wanda ya fi shafar aljihu, shi ne zamanin allon. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafinsa na yau da kullum. Windows 11 kuwa tana bukatar kariyar TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Allunan H61 na 2011 da H81 na 2013, waɗanda arahar su ke jan hankalin masu saye, ba sa ɗaukar irin waɗannan furosesoshi. A ɗaya ɓangaren, gurbin AM4 da AMD ya fitar a 2016 ya daɗe yana aiki: allon B450 na 2018 kan karɓi Ryzen 5000 bayan an sabunta BIOS ɗinsa, ba tare da an sayi sabon allo ba.

A ma'aunin tattalin arziki, farashin kaya ba shi ne kuɗin da aka biya ranar saye kaɗai ba, sai an raba shi da shekarun da zai yi yana aiki. Allon da za a jefar bayan shekara biyu ya fi tsada a kan wanda zai kai shida, ko da ya fi shi araha a kanti. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ga mai cibiyar da ke sayen kwamfutoci da dama a lokaci guda, kuskure ɗaya kan ninku sau adadin na'urorinsa.

Bugu da ƙari, hawa da saukar wutar lantarki da sauyawa zuwa janareta suna cikin manyan abubuwan da ke kashe allo. Don haka kasafin mai ƙaramin jari ya kamata ya fara da furosesa da SSD da isasshen RAM, sannan allo matsakaici na zamanin da Windows 11 ke karɓa, a kuma ware kaso domin ingantaccen akwatin wuta da UPS. Wanda zai sayi tokumbo ya nemi a kunna masa a gabansa, ya duba gurbin furosesa ko akwai lanƙwasasshiyar allura, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin mayarwa.