Cikin Doki: Abin da Ya Kamata Mai Barga Ya Sani

A tsofaffin unguwannin birnin Kano irin su Zaitawa, gidaje a matse suke, fili kuwa ya yi ƙaranci. Dokin da ake kiwo a irin wannan wuri yakan wuni a turke, ba ya cin komai sai abin da aka kawo masa. Darajarsa kuma ba ƙarama ba ce, domin shi ne ƙashin bayan hawan salla, wato al'adar da ta ƙunshi Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Sai dai ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki a ko'ina cikin duniya shi ne ciwon ciki, kuma sau da yawa daga hannun mai ciyarwa yake farawa. Domin mu gane dalili, sai mu duba yadda aka halicci cikin doki.

Ƙaramin tumbi, dogon hanji

Duk girman doki, tumbinsa ba ya ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15. Dabba ce da aka yi ta don ta ci kaɗan-kaɗan. Idan aka sake shi a makiyaya, yakan shafe sa'a 14 zuwa 16 a rana yana kiwo. Tumbin nan yana fitar da ruwan asid dare da rana, ko da abinci ko babu. Saboda haka dokin da ya daɗe bai tauna komai ba yana iya samun gyambon ciki.

Abu na biyu shi ne, doki ba ya iya amai, domin tsokar da ke bakin tumbinsa ba ta barin abinci ya koma sama. Duk abin da ya haɗiye, ko ruɓaɓɓiyar harawa ce ko leda, dole ya bi ta ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita 20 kafin ya kai babban hanji.

A babban hanjin ne ake aikin narka ciyawa. Akwai ƙananan halittu, wato bakteriya da danginsu, waɗanda ke rugurguza zaren ciyawa su mai da shi abin da jiki zai amfana da shi. Ashe ke nan mai doki dabba biyu yake kiwo: dokin, da kuma waɗannan halittu da ido ba ya gani.

Hatsarin ƙiba ta gaggawa

Idan salla ta ƙarato, kowa yana so ingarmansa ya fito da sheƙi. Sai wani ya ninka masa dawa ko gero a dare ɗaya. Ƙaramin hanji ba zai iya narka wannan sitaci duka ba, sai ragowar ta wuce babban hanji ta yi tsami. Tsamin yana kashe halittun da ke narka ciyawa, ciki ya cika da iska, guba kuma ta shiga jini. Daga nan ciwon ciki kan taso. Wani lokaci kuma sai naman da ke riƙe da ƙashi a cikin kofato ya kumbura, doki ya kasa taka ƙasa. Wannan ciwon kofato yana iya gurgunta shi har abada.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ciyawa da harawa su ne tushen abinci, hatsi ƙari ne kawai. A kullum doki yana bukatar busasshiyar ciyawa da ta kai aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa. Alal misali, doki mai kilo 350 zai bukaci fiye da kilo 5. A raba hatsi kashi biyu ko uku a wuni. Idan za a sauya abinci, a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 14. Kada a zuba abinci a ƙasa, domin yashin da yake haɗiya yana taruwa a hanji. A kuma tsince leda daga barga kullum.

Ruwa ma haka. Doki yakan sha lita 25 zuwa 45 a rana, a lokacin bazara kuwa fiye da haka. A lokacin hunturu yana rage sha alhali busasshen abinci yake ci, sai kashi ya taurare ya toshe hanji. Ya fi kyau ruwa mai tsabta ya kasance kusa da shi koyaushe. Haka kuma a riƙa fitar da shi yana zagayawa kullum, saboda motsin jiki yana taimakon motsin hanji.

Duba na minti biyar

Ga abin da ko ɗalibin sakandare zai iya koya ya riƙa yi kowace safiya. Zafin jikin doki mai lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, ana auna shi ta dubura. Zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa, ana jin bugun a ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashinsa sau 8 zuwa 16 ne a minti. Dasashinsa ya kasance da danshi da ɗan ja-ja, idan an danna shi da yatsa launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. A kuma lura da kashinsa, domin lafiyayyen doki yakan yi sau 8 zuwa 12 a rana. Idan aka ga ƙwayar hatsi tana fita ba a tauna ba, to a sa likitan dabbobi ya duba haƙoransa.

Alamomin ciwon ciki kuwa su ne ƙin abinci, da tonon ƙasa da ƙafar gaba, da waiwayen ciki, da yawan kwanciya da birgima, da gumi ba tare da aiki ba. Da zarar an ga haka, a ɗauke abinci, a ɗan zagaya da shi idan zai iya, a nemi likita nan take. Kada a yi masa ɗuren mai ko jiƙo ta hanci, domin yana iya zarcewa huhu ya jawo wata cutar da ta fi ta farko. Bugun zuciyar da ya haura 60 a minti alama ce ta tsanani, ba a jira gari ya waye.

Malaman kimiyya suna iya kai ɗalibansu wata barga da ke kusa, da izinin mai ita, su auna waɗannan abubuwa su rubuta na mako guda. Wanda ya san yadda dokinsa yake ranar lafiya, shi ne zai fara gane ranar da ya tashi ba daidai ba. Riga-kafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.