Mazaɓar da Fadar Sarkin Ingila Take Ciki: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A tsakiyar Landan akwai mazaɓa guda da ta tattara Fadar Buckingham, da ginin Majalisa, da gidan Firaminista na Titin Downing, da Babban Bankin Ingila. Ita ce mazaɓar Tsohon Birnin Landan da Westminster. Sai dai babban mai gidan da ke cikinta ba ya zaɓe, domin bisa al'ada Sarkin Ingila ba ya jefa ƙuri'a.

Tsohon Birnin, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 3 ba, amma ya yi ɗaruruwan shekaru yana aika wakilai har 4 Majalisa. A 1885 aka rage su zuwa 2, a 1950 kuma aka haɗe shi da Westminster, kujera ta koma ɗaya. Me ya jawo? Mutane sun daina kwana a wurin. Ƙidayar 2021 ta samu mazauna kusan 8,600 kacal, alhali masu zuwa aiki a bankuna da ofisoshinsa sun haura 500,000. A da, mai shago ko ofis yana da ƙuri'a a inda yake kasuwanci, ban da ta gidansa. Dokar 1948 ta soke wannan, rajistar birnin ta zube ƙasa warwas. A ganina an yi adalci, don dukiya ba ta isa ta ba mutum ɗaya baki biyu ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Lionel de Rothschild, attajirin Bayahude da birnin ya zaɓa a 1847. Rantsuwar kama aiki ta lokacin sai an yi ta da sunan addinin Kirista, shi kuwa ya ce ba zai rantse da abin da bai yi imani da shi ba. A 1850 ya je har gaban Majalisa, ya karanta rantsuwar, da ya iso wannan gaɓa ya tsallake ta, aka ce ya fita. Masu zaɓe ba su sauya shi ba, suka yi ta maimaita zaɓensa, kujerar tana nan wayam. Sai a 1858, bayan an gyara doka, ya rantse da littafin addininsa, kansa a rufe, ya zauna. Shekara 11 ke nan yana ɗan majalisa ba tare da ya zauna ba.

Ɓangaren Westminster ma da nasa. Zaɓen 1784 kwana 40 aka yi ana jefa ƙuri'a, a fili, kowa na jin wanda ka zaɓa. Georgiana, matar Hakimin Devonshire, ta bi lungu-lungu tana nema wa Charles James Fox goyon baya, har abokan hamayyarsa suka yi ta yaɗa cewa sumba take bayarwa a madadin ƙuri'a. Fox ya ci, amma aka riƙe sakamakon watanni ana bincike, ya shiga Majalisa da wata kujera ta can arewacin Sukotlan.

Masanin falsafa John Stuart Mill ya wakilci Westminster daga 1865. A 1867 ya nemi a ba mata 'yancin zaɓe, ya samu ƙuri'a 73, aka ƙi. Shekara ta zagayo, W. H. Smith, mai kamfanin sayar da jaridu a tashoshin jirgin ƙasa, ya kayar da shi.

Tsohon Firaminista Arthur Balfour, da ya faɗi a Manchester a 1906, nan Tsohon Birnin aka sama masa kujera cikin 'yan makonni.

Tun da aka kafa mazaɓar a 1950, jam'iyyar 'yan mazan jiya ce ta riƙa cin ta. A 2019 Chuka Umunna, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya gwada ya zo na biyu. Sai a Yulin 2024 Rachel Blake ta jam'iyyar Leba ta karɓe ta, bayan shekara 74, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 3,000 ba.