Kwalta da ƙwari a jikin mota: kowane tabo da maganinsa, kankara kuwa ɓarna ce

Direban da ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram a watan Afrilu, ko ya ratsa wurin da ake gyaran titi, ya san baƙaƙen ɗigon da ke manne wa ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi. Da damina ta faɗi kuma sai shinge da sauran ƙwarin dare su rufe hancin mota da madubai. Masu wanki da yawa suna yi wa tabon biyu magani ɗaya, wato omo da soso da ƙarfin hannu, kuma a nan fenti ke lalacewa.

Fentin motocin zamani yana da wani siririn rufi mai sheƙi a samansa, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Shi ke kare launi daga rana. Idan aka kankare shi ba ya dawowa, sai dai a sake fenti. Motocin hannu da aka shigo da su ta tashoshin Kwatano da Lome sun riga sun yi shekaru, rufinsu ya ci rabonsa, don haka su ne suka fi buƙatar lallami.

Kwalta, wadda ake kira goudron da Faransanci, daga ɗanyen man fetur ake samo ta. Ruwa ba ya narkar da ita, sai abin da ke da maiƙo irinta. Da farko a ajiye motar a inuwa har ƙarfen ya huce, a kwarara ruwa ya tafi da ƙura, domin yashin da ya rage ƙarƙashin tsumma shi ke zana fenti. Daga nan a jiƙa tsumma mai laushi da maganin cire kwalta na kanti, idan babu a sa kananzir kaɗan ko WD-40. A ɗora a kan tabon na minti 2 zuwa 5, a share a hankali ta fuska ɗaya, ana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta. Idan ɗigon ya yi kauri, a maimaita sau biyu ko uku maimakon a danna. Man gyaɗa ma yana sassauta ƙananan ɗigo, sai dai yana ɗaukar lokaci. Da an gama a wanke wurin da sabulun mota, kada maiƙon ya kwana.

Ƙwari kuwa labarinsu daban. Ruwan jikinsu yana da tsami da ke cin fenti, zafin rana kuma yana gasa shi ya kama. A ƙasashen da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa jinkirin ƴan kwanaki ke barin shaida ko bayan an wanke. Maganinsu ruwa ne da haƙuri. A tsoma tawul cikin ruwan ɗumi mai sabulu, a shimfiɗa shi kan wurin minti 10 zuwa 15, sannan a share. Mai tafiyar dare ya yi wannan da safe, kafin rana ta take.

Akwai abubuwan da bai kamata su kusanci fenti ba: tina ta masu fenti, ruwan goge jan farce, man birki, soson ƙarfe, reza da wuƙa. Fetur yana cire kwalta da sauri, amma yana dusar da sheƙi kuma ga haɗarin gobara. Kananzir ɗin ma a nisanta shi da robobin ƙofa da murfin fitilu, kuma a fara gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa.

Duk abin da ya narkar da kwalta yana tafiya da kakin da ke kare fenti. Saboda haka a sake shafa man goge mota a wurin bayan ya bushe. Ribarsa biyu ce, domin ƙwari da kwalta ba sa kama fentin da aka shafa wa kaki sosai.

Idan an wanke amma alamar ƙwaron tana nan kamar zane, to tsamin ya riga ya ci rufin. Ƙara gogewa da hannu ba zai gyara ba. A kai wa mai fentin mota ya duba ko injin gogewa zai share ta. Kuɗin wannan bai kai na sake fentin gaba ɗaya ba, kuma ranar sayar da mota jikinta ne mai saye ke fara dubawa kafin ya buɗe inji.