Mai Gadin Imel: Je Ka Dawo, Ko Kada Ka Sake Zuwa

Matashi a Kebbe ko Tambuwal ya tura takardun neman aiki ko gurbin karatu ta imel, ya buga waya aka ce ba a gani ba, sai ya ɗora wa netwok laifi. Sau da yawa netwok ba ruwansa. Saƙon yana bakin ƙofa ne, matacin saƙonnin banza na sabar da za ta karɓa ya tare shi.

Aikin matacin tamkar na mai gadi ne. Da farko yakan duba baƙin kundi, wato jerin lambobin intanet na injinan da aka kama suna watsa saƙonnin damfara da tallan da ba wanda ya nema. Paul Vixie ne ya fito da irin wannan kundi a 1997, Spamhaus kuma, wadda Steve Linford ya kafa a 1998, tana cikin waɗanda aka fi dogara da su. In lambar injin da ya kawo saƙon tana ciki, sai a mayar da saƙon da shaidar ƙi mai farawa da 5, kamar 550. Abin haushin shi ne ma'aikaci ɗaya da aka sace wa kalmar sirri ya isa ya ja wa makaranta guda, domin da akwatinsa ɓarayi za su watsa dubban saƙonni, sabar makarantar ta faɗa kundin, wasiƙun kowa su riƙa dawowa. Fita kuwa sai an toshe ɓarakar an nemi a goge lambar.

Dabara ta biyu, wadda Evan Harris ya bayyana a 2003, ta fi wayo. Matacin yana lura da abu uku: lambar injin da ya kawo saƙo, adireshin mai aikawa da na mai karɓa. In bai taɓa ganin ukun tare ba, sai ya ce je ka dawo, da lamba mai farawa da 4, kamar 450. Sabar kirki takan adana saƙon ta sake gwadawa, har kwana 4 ko 5 in ta kama. Injinan 'yan damfara da yawa kuwa harbi ɗaya suke yi su wuce. Manhajar Postgrey, mai aiki da wannan dabara, daƙiƙa 300 take sa a jira, wanda ya dawo bayan haka a buɗe masa, a kuma riƙe shi a matsayin sananne.

A ganina dabarar tana da tsada ga mai gaggawa. Lambar tantancewa da ake turowa ta imel takan mutu kafin ta iso, manyan kamfanoni irin su Gmail kuma sukan sake gwadawa daga wata lambar inji daban, jiran ya ƙara tsawo.

Saboda haka, mai karatu, kada ka bari sai ranar rufe karɓar takardu. In saƙo ya dawo, karanta lambar da ke ciki: 4 haƙuri take so, 5 kuwa sai ka nemi ofishin ta waya.